Jagoran Saukar Ɗalibi a Gidan Masu Harshe a Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum

Saukar ɗalibi a gidan masu harshe wani tsari ne na koyo wanda a cikinsa ake ɗaukar mai neman sanin wani harshe da al'adun masu shi, a damƙa shi ga wani iyali na tsawon makonni ko watanni, ya ci abin da suke ci, ya kwana inda suke kwana, ya kuma ji harshen daga bakin waɗanda suka tashi a cikinsa, maimakon ya tsaya ga abin da malami zai rubuta masa a allo. A ƙasashen Turai da Amurka ana danganta bunƙasar wannan tsari da wata ƙungiya mai suna Experiment in International Living, wadda Donald Watt ya kafa a 1932, kafin daga baya jami'o'i su mayar da shi wani ɓangare na shekarar da ɗalibin harshe kan yi a ƙasar waje. Nijeriya ta bi wata hanya dabam a farkon shekarun 1990, lokacin da tsadar aika ɗalibai ƙetare ta sa aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala ta jihar Borno, inda ake tara masu koyo a haraba guda. Wannan dabara tana da amfaninta, sai dai ɗalibin da ke kwana yana tashi tsakanin 'yan'uwansa masu koyo yakan fi jin kurakuransu fiye da yadda yake jin harshen kansa, kuma ba ya samun damar ganin yadda ake raɗa suna, ko yadda ake raba faɗan kishiyoyi, ko irin kalaman da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

A ƙasar Hausa kuwa, karɓar baƙon da ya zo neman wani abu tsohuwar sana'a ce mai dokokinta. Fatake suna da fatoma, wato mai masaukin da ke ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya kuma tsaya musu in wata rigima ta taso, kuma irin wannan maigida ne Abner Cohen ya yi nazari a kansa a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969. Almajirai su ma sukan sami uwar ɗaki a garin da suka je karatu. Ilimin Hausa da ke rubuce a ƙasashen waje ma, da yawansa daga zaman gida ɗaya ya fito. Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855, ya zauna a gidan J. F. Schön a Ingila, kuma daga bakinsa aka sami mafi yawan abin da ya zama littafin Magana Hausa na 1885. Mary Smith ta rubuta labarin rayuwar Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, abin da ba zai yiwu ga namiji ba domin ba shi da hanyar zama da tsohuwa ta sake da shi haka. Murray Last ya yi karatu a gaban Waziri Junaidu a Sakkwato, daga baya kuma ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi. Ita kanta Anka ta taɓa saukar irin waɗannan baƙi, domin a can ne Bajamushen nan Kurt Krieger ya tattara labaran da ya gina littafinsa na tarihin Zamfara a kansu, wanda aka buga a Balin a 1959.

Abin da waɗannan misalai suka haɗu a kai shi ne cewa baƙon bai sami abin da ya zo nema ba sai da ya daina zama baƙo. Shari'ar Musulunci ta sanya haƙƙin liyafa kwana uku, kuma a cikin kwanakin nan ana yanka wa baƙo kaza, ana zaɓar maganar da za a yi a gabansa, ana kuma korar yara kada su dame shi. Duk wanda aka ci gaba da yi wa wannan hidima har wata uku zai koma gida da ƙiba, amma Hausarsa ba za ta wuce gaisuwa ba. Don haka dukkan tsarin da za a bayyana a nan manufarsa guda ce, wato a mayar da ɗalibi ɗan gida mai aiki da haƙƙi a kansa, ba tare da an jefa shi ko masu masaukinsa cikin haɗari ba.

Abin da yankin ke da shi

Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum suna kan hanyar Gulbin Zamfara a yammacin jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoban 1996. Anka ita ce mazaunin Sarkin Zamfara, kuma a nan ne zuriyar sarakunan tsohuwar daular suka zauna a ƙarni na 19, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, masarautar ta yi ta sauya mazauni. Gummi tana ƙarƙashin Sarkin Mafara, Bukkuyum kuma tana ƙarƙashin Sarkin Danko, kuma dukansu biyu suna maƙwabtaka da ƙasar Kabi da ƙasar Zuru, abin da ya sa ɗalibi zai iya jin Hausa tana gogayya da Fulatanci da Dakarci a kasuwa guda, ya kuma shaida wasan barkwanci da ke tsakanin Zamfarawa da Dakarkari.

Babban abin da ya kamata a shirya wa ɗalibi tun kafin ya iso shi ne karin harshe. Daidaitacciyar Hausa, wadda ake koyarwa a makarantu da jami'o'i kamar na Landan da Hambug da Waso da Bejin, an gina ta ne a kan Kananci, alhali Zamfarci yana cikin rukunin karin harshen yamma tare da Sakkwatanci da Kabanci da Gobirci. Ɗalibin da ya haddace "da suka zo" zai ji "da sunka zo", wanda ya saba da "ne" da "ce" zai ji "na" da "ta", kuma inda littafi ya ce "tafi" da "fari" da "fura" zai ji "tahi" da "hwari" da "hura". Haka nan zai tarar ana cewa "gidan ga" a madadin "gidan nan", ana kiran gyaɗa gujiya, barkono tonka, dankali kudaku. Ya kamata malamin da ya turo shi ya ba shi darasi na 'yan kwanaki a kan waɗannan bambance-bambance, ya kuma fahimtar da shi cewa ba ɓatacciyar Hausa zai ji ba, domin masana sun nuna cewa karin harshen yamma ya riƙe wasu tsofaffin siffofin harshen da Kananci ya saki, kuma da shi ne manyan makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi waƙoƙinsu. Abin takaici ne a ga mai masauki yana karkata harshensa zuwa Kananci don ya faranta wa baƙo, kuma wajibi ne mai kula da shirin saukar ɗalibi ya roƙe shi tun farko da ya yi magana yadda ya saba.

Sharaɗin da ke gaba da kowane sharaɗi

Ba daidai ba ne a rubuta jagora irin wannan a yi shiru game da halin da yankin yake ciki. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna kai hare-hare a Zamfara, suna satar shanu, suna garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa, suna kuma ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su bar su su yi noma. A watan Fabrairun 2021 an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, a watan Satumban shekarar aka katse layukan wayar salula a jihar baki ɗaya, sannan a farkon Janairun 2022 aka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatocin Amurka da Birtaniya suna gargaɗin 'yan ƙasarsu da su guji jihar. A irin wannan hali, kawo baƙon da fatarsa ko lafazinsa ke nuna daga nesa ya fito ba shi kaɗai yake jefawa cikin haɗari ba, har da iyalin da suka karɓe shi, waɗanda za su ci gaba da zama a garin bayan ya tafi, kuma masu kai wa 'yan bindiga rahoto za su ɗauka an zuba musu kuɗi. Hukumar Peace Corps ta Amurka, wadda ta daɗe tana sauke sababbin ma'aikatanta a gidajen mutanen Hamdallaye kusa da Yamai don su koyi Hausa ko Zabarmanci, ta dakatar da aikinta a Nijar a Janairun 2011 bayan an sace wasu Faransawa biyu a Yamai. Wanda ke shirya saukar ɗalibai dole ne ya kasance a shirye ya yanke irin wannan hukunci, ko da an riga an biya kuɗi an gyara ɗaki.

Wannan bai sa jagorar ta zama marar amfani ba, saboda dalilai biyu. Na farko, ba Bature kaɗai ne ɗalibin Hausa ba, akwai masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa daga kudu tun da aka kafa shirin hidimar ƙasa a 1973, akwai ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau masu nazarin karin harshe da adabin baka, akwai kuma 'ya'yan Hausawan zango na Gana da jikokin waɗanda suka zauna a Sudan da Saudiyya masu son su gyara harshen kakanninsu. Irin waɗannan za a iya saukar da su a cikin manyan garuruwan uku a lokacin da hukuma da masarauta suka tabbatar hanya ta yi sauƙi, da sharaɗin ba za su kwana a ƙauye ba kuma ba za su yi tafiyar yamma ko ta asuba ba. Na biyu, harshe yana tafiya da masu shi, kuma rikicin ya sa iyalai da yawa na wannan yanki sun koma Gusau da Sakkwato da Birnin Kabi, inda za a iya sauke ɗalibi a gidansu ya ji Zamfarci tsantsa, su kuma su sami wani abin rufin asiri a lokacin da gonakinsu suka gagare su.

Ta fuskar lafiya akwai abin da ya keɓanta da wannan yanki. A 2010 aka gano cewa gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum kamar Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙa su, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar yaran a Anka, an kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje a ƙauyukan, har da Bagega a 2013. Saboda haka duk gidan da ake sarrafa dutsen ma'adini a cikinsa, ko ake ajiye buhunansa, ya fita daga jerin gidajen da za a zaɓa. Bayan wannan sai rigakafin sanƙarau, wanda annobarsa ta 2016 zuwa 2017 daga Zamfara ta faro, da katin rigakafin shawara ga wanda ya fito daga wata ƙasa, da gidan sauro, da tafasa ruwan sha musamman da damina. Lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, wato daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin da abinci ya wadata, bukukuwan aure suka yawaita, zafin bazara bai sauka ba, kuma ambaliyar da kan addabi Gummi ta wuce.

Neman izini da zaɓen gida

Ana fara shiri ne daga sama. Makarantar da ta turo ɗalibi takan rubuta takarda zuwa ga ƙaramar hukuma da jami'an tsaro, in kuma ɗan wata ƙasa ne sai an tabbatar takardunsa na shige da fice sun cika. Amma takardar ofis ba ta buɗe ƙofar gida, abin da ke buɗe ta shi ne a kai gaisuwa fada, sarki ya miƙa maganar ga uban ƙasa, wato abin da ake kira hakimi a Kano, daga nan ta sauko ga mai unguwa da liman. Amfanin wannan jerin shi ne lamuni, wato kowane mataki yana da wanda ya tsaya masa, ta yadda in ɗalibi ya yi laifi an san wanda za a kira, in kuma an cuce shi an san wanda zai bi masa haƙƙi. A tsakiyar jerin akwai mai kula da shiri, wanda ya fi kyau ya zama ɗan gari mai ilimin boko, kamar malamin makaranta, kuma lalle a haɗa shi da mace mai irin wannan matsayi, domin akwai ƙorafin da ɗaliba ko uwargida ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Kuskuren da aka fi yi wajen zaɓen gida shi ne a nufi gidan mai kuɗi ko na babban ma'aikaci, saboda yana da janareta da banɗakin zamani. A irin wannan gida 'ya'ya sun yi makaranta, za su mayar da baƙo abokin gwada Turanci, talabijin kuma ta riga ta cinye hirar dare. Gidan da ya fi amfani shi ne babban gida mai rufin asiri, wanda ke da tsohuwa ko tsoho, da yara 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu, da wata sana'a da ake yi a gida ko a ƙofar gida, kamar ƙira ko saƙar tabarma ko dakan fura ko ginin tukwane. Abin da ake bukata na jin daɗi kaɗan ne, wato ɗaki mai ƙofa da makulli, makewayi mai tsabta, da hanyar samun ruwa. Ana kuma tambayar ra'ayin matan gidan kai tsaye, kada a tsaya ga amincewar maigida, domin su ne za su ƙara awo, su ƙara wanke-wanke, su haƙura da baƙuwar fuska, kuma in ransu bai so ba babu abin da zai tafi daidai. Ba a haɗa ɗalibai biyu masu harshe ɗaya a gida guda.

Maganar kuɗi tana bukatar dabara, saboda dattijo mai mutunci zai ji kunya a ce ya sayar wa baƙo da tuwo, amma kuma zalunci ne a bar masa nauyin ƙarin baki a zamanin da farashin hatsi ya yi tashin da ya yi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Hanyar da ta fi dacewa ita ce kada kuɗi ya bi ta hannun ɗalibi, mai kula da shiri ne zai riƙa kaiwa duk wata da sunan gudummawar cefane, wani kashi a hatsi da mai da sabulu, wani kashi kuma a damƙa shi ga matar da ke girki a hannunta. A rubuta yarjejeniya gajera da Hausa, a karanta ta a gaban mai unguwa, ta fayyace tsawon zama, da abin da gudummawar ta ƙunsa, da wanda zai biya kuɗin asibiti, da cewa kowane ɓangare na iya neman a raba zaman ba tare da an kira shi mai laifi ba. Tsaraba kuwa, wadda ɗalibi zai zo da ita, kada ta wuce turmin atamfa da goro da alewar yara, domin tsaraba mai tsada tana jawo ido, tana kuma ɗora wa gida nauyin ramawa.

Zaman kansa

Gidan Bahaushe ya rabu kashi biyu, kuma wannan rabuwa ita ce ke yanke irin Hausar da ɗalibi zai koya. Akwai zaure, wato ɗakin shiga inda maigida ke karɓar baƙi, da ɗakunan samari da ke kusa da shi, sannan akwai cikin gida inda mata suke, wanda baligin da ba muharrami ba ba ya shiga sai da izini da sallama. Ɗalibi namiji a waje zai zauna, ya ci abinci da maza, ya koyi harshen gona da kasuwa da majalisa da siyasa. Ɗaliba kuma za ta shiga ciki, ta ji harshen girki da reno da biki da habaici, da waƙoƙin daka da niƙa waɗanda ba a jin su a rediyo. Kowannensu rabi yake samu, kuma aikin mai kula da shiri ne ya nemo masa hanyar ɗaya rabin. Ga namiji hanyar ita ce tsohuwar gida, wadda shekarunta suka ba ta damar fitowa ta zauna da shi ta yi masa tatsuniya da kacici-kacici, sai kuma yara, waɗanda ke kai da kawo tsakanin ciki da waje. Yara su ne malaman da suka fi kowa, domin ba sa gajiya da maimaitawa, kuma ba sa jin nauyin yi wa babba dariya in ya ja wasali inda ya kamata ya gajarta ko ya ɗaga murya inda ya kamata ya sauke, alhali manya sukan bar kuskuren ya wuce don kara. Ga ɗaliba kuwa, ana iya haɗa ta da wani dattijo ko malami da za ta riƙa ziyarta da rakiya a lokaci sananne.

A kwanakin farko ana koya wa ɗalibi yadda zai kira kowa. Maigida Baba ne, uwargida Inna ce, ƙanwar maigida Gwaggo, ɗan'uwan uwargida Kawu, wanda ya girme shi a cikin 'ya'yan gida kuma Yaya, kuma ba ya kiran babba da sunan yanka. In ya je gaban basarake zai cire takalmi ya durƙusa ya ce "ranka shi daɗe", in gaban malami ne ya ce "Allah shi gafarta malam". Za a bayyana masa kunya, wato nauyin da ke hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari ko mata ambaton sunan mijinta, don kada ya matsa da tambaya ya sa mutane cikin wani hali. Galibi gidan kan ba shi suna, sau da yawa na ranar da aka haife shi ko ranar da ya iso, kamar Ɗanladi ko Balarabe ko Talatu ko Jummai, kuma karɓar sunan da amsa shi alama ce ta cewa ya yarda a lissafa shi cikin gida. Gaisuwa kuwa ba a gaggauta ta, domin wanda ya wuce dattawa bai tsaya ya tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi ba, duk iya nahawunsa ba za a ƙara sakewa da shi ba.

Da kwana uku sun cika sai a ba shi aiki. Wannan mataki shi ne masu masauki suka fi ƙi, domin a ganinsu abin kunya ne baƙo ya ɗauki tsintsiya, saboda haka sai an yi musu bayani tun kafin ya zo cewa hana shi aiki hana shi karatu ne. Namiji zai iya ba dabbobi ruwa da harawa, ya raka samari ɗaukar amfanin gona daga gonakin da ke bakin gari, ya je cefane, ya zauna a maƙera yana zuga. Mace za ta iya tankaɗe da surfe da tsinkar zogale, ta koyi tuƙa tuwon dawa da kaɗa miyar kuka da toya hoce, wanda abinci ne da aka san Zamfarawa da shi. A cikin aiki ne umarni da gargaɗi da zolaya ke fitowa da kansu, kuma kalmar da aka koya hannu na riƙe da abin da take nufi ba ta saurin ɓacewa. Aiken kasuwa yana da muhimmanci na musamman, domin a can zai koyi taya da albarka da sallamawa da gyara, ya kuma san mudu da tiya.

Duk da haka zaman gida kaɗai ba ya isa, sai an haɗa shi da darasi na kamar awa biyu da safe a wajen malami ɗan gari, wanda zai karɓi abin da ɗalibi ya tsinto jiya ya warware masa, ya nuna masa yadda ake faɗarsa a daidaitacciyar Hausa, in da hali kuma ya koya masa karatun ajami. Ɗalibi ya riƙe ƙaramin littafi, amma kada ya riƙa zaro shi a tsakiyar hira, domin a yankin da tsoron masu kai rahoto ya yi yawa, baƙo mai rubuta maganar mutane abin zargi ne. Haka nan ɗaukar murya ko hoto sai da izini a kowane karo, hoton matan aure da na cikin gida kuwa ba a sa shi a Facebook ko TikTok, kuma ba a wallafa sunan gari ko unguwar da yake sai bayan ya tafi. Ya guji tambaya a kan 'yan bindiga da 'yan sa-kai da wanda ya biya fansa, ya bar wa mutane su faɗi abin da suka ga dama. Wayar kanta ma a taƙaita ta, saboda wanda jikinsa ke Gummi amma yininsa yana hira da mutanen garinsu bai bar gida ba.

Game da addini, Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a wannan jamhuriya, aka sanar a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, don haka giya haramun ce a doka, kuma ana sa ran kowa ya suturta jikinsa, mace ta rufe kanta in za ta fita. Ɗalibin da ba Musulmi ba a sanar da gidan tun farko, a kuma yarda cewa ba za a matsa masa ba, shi ma ba zai yi wa'azin nasa addinin ga yaran gida ba. Zai kiyaye lokutan salla, ba zai gitta gaban mai salla ba, ba zai taɓa Alƙur'ani ko allon karatu ba, ba zai ci abinci a bainar jama'a da azumi ba, kuma zai ci ya karɓa ya bayar da hannun dama.

Saɓani da sallama

Akasari bayan makonnin farko ɗalibi kan shiga wani hali na ƙunci, inda ɗokin zuwa ya wuce, harshe bai zauna ba, tuwo ya gundure shi, kuma rashin samun lokacin kaɗaita yana damunsa, domin a gidan Bahaushe wanda ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa da rana ana ɗauka ba shi da lafiya ko yana fushi. Mai kula da shiri ya riƙa ganin ɗalibi da masu gida kowa shi kaɗai sau ɗaya a mako, saboda masu gida ba za su kai ƙarar baƙo da kansu ba, sai dai a gane daga sanyin fuska. Yawancin matsaloli, kamar yara masu taɓa kaya ko maƙwabta masu roƙon a kai su Turai, da magana ake kashe su. Amma in abin ya shafi cin zarafi, ko neman ɗaliba da lalata, ko matsa mata da zancen aure, ko kuma ɗalibin ne ake zargi da taɓa yaran gida, to a ranar ake raba zaman, kuma don haka ne ake tanadin gida na biyu tun kafin kowa ya iso.

In lokacin tafiya ya gabato, ɗalibi zai bi waɗanda aka kai shi gaishe su da farko ɗaya bayan ɗaya, daga maƙwabta zuwa mai unguwa da liman har fada, ya yi bankwana ya nemi gafara, sai dai ranar tafiyar da hanyar da za a bi ba a yayata su. Kayan da zai bari, kamar katifa da gidan sauro da fitila, ya damƙa su ga uwargida ta raba, kada ya raba da kansa ya haddasa rigima tsakanin ɗakuna. Zai karɓi guzurin da aka ba shi ko da ƙuli-ƙuli ne da daddawa, domin mayar da shi cin fuska ne. Kada ya yi alkawarin biza ko kuɗin makaranta da ba zai iya cikawa ba. In ya rubuta kundi ko littafi, wajibi ne ya sauya sunayen mutanen gidan in ba su yarda a ambace su ba, ya kuma aiko da kofe guda tare da taƙaitaccen bayani da Hausa, a ajiye a fada ko a makarantar garin. Shi kuma mai kula da shiri zai zauna da masu gida bayan mako guda ya ji abin da ya yi musu daɗi da abin da ya dame su, ya biya duk abin da ya lalace, sannan ya bar gidan ya huta na wani zango kafin a sake kawo masa wani ɗalibi.